Yadda Ake Amfani da Wayar Hannu Wajen Kula da Tsohuwar Motar A-kori-kura

Motar Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, ta yi suna wajen juriya, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga wadda ta haura kilomita 300,000 tana ci gaba da jigilar buhunan masara zuwa kasuwa. Sai dai wannan sunan ne yake yaudarar masu ita. Suna barinta har sai ta tsaya cak a kan hanya, alhali tun makonni kafin nan injin yana nuna alamun ciwo. Wannan darasi zai nuna yadda matashin da ke tuƙa irin wannan mota, ko yake kula da ta gidansu, zai gano alamun da wayarsa.

Abin da ake buƙata wata 'yar na'ura ce mai suna ELM327, girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba. Ana cusa ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2. Amurka ta wajabta wannan soket a motoci tun 1996, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga masu fetur. Bayan an cusa ta sai a murɗa makulli, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhajar Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya kula ya sayi na'ura mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin ta tsohon Bluetooth da Android kaɗai take aiki. Wasu tsofaffin Hilux da ba a ƙera su don kasuwar Turai ko Amurka ba, ba sa ba na'urar cikakken bayani, don haka gara a gwada kafin a biya kuɗi.

Abu na farko da ya kamata a sa wa ido shi ne zafin ruwan injin. Allurar da ke gaban direba ba ta cika motsi ba sai zafi ya yi yawa, amma waya tana nuna ainihin adadin. Inji mai lafiya yakan zauna tsakanin maki 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas. Idan ana ganin yana haura 100 a duk lokacin da mota ta ɗauki kaya ko ta hau tudu, to lagireto ya fara toshewa, ko fanka ta yi rauni, ko famfon ruwa ya gaji. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin gasket da kan injin da zafi ya lanƙwasa ba. Toshewar lagireto kuwa yawanci daga ruwan rijiya da na famfo take, saboda suna barin tsatsa da ƙasa a cikin bututu. Ruwan sanyaya inji na musamman shi ne daidai. Akwai kuma al'adar da wasu makanikai suke da ita ta cire tamostat da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi. Wannan kuskure ne, domin injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma ainihin matsalar tana nan ba a taɓa ta ba.

Manhajar tana nuna ƙarfin batir. Idan inji a kashe yake ana son a ga kusan volt 12.6, idan yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka alama ce altaneta ba ta caji yadda ya kamata.

Sai lambobin matsala. P0300 na nufin wuta tana tsallake a silinda, sau da yawa daga filogi ko koyil. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa. P0087 kuma na nufin ƙarfin turo mai ya yi ƙasa, abin da a motar dizal yakan fara daga toshewar matacin mai. Manhajar tana da wurin goge lambobin, kuma nan ne mutane da yawa suke cutar kansu: fitilar gargaɗi za ta mutu, ciwon kuwa bai je ko'ina ba. A ɗauki hoton allon a nuna wa makanike tukuna.

Akwai abin da na'urar ba za ta taɓa gani ba, kuma shi ya fi haɗari. Injinan dizal na 2KD da 1KD suna amfani da bel na taimin, wanda ake canzawa a kilomita 150,000. Idan ya tsinke mota tana tafiya, fistin zai bugi bawul, injin ya lalace nan take. Akwai fitilar T-BELT da ke tunatarwa, amma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san tarihinta ba, ya canza bel ɗin kawai ya fara lissafi daga ranar. Injin fetur na 2TR da sababbin dizal na 1GD da 2GD sarƙa suke amfani da ita, ba su da wannan damuwar.

Sauran aikin na kalandar waya ne. A kan hanyoyi masu ƙura da kaya masu nauyi, baƙin mai da matacinsa a kowane kilomita 5,000, man birki duk shekara biyu, man giya da na difaranshal wajen kilomita 40,000, sannan a riƙa ɗura wa farfela giris. Lokacin hunturu a duba matacin iska duk mako. Duk aikin da aka yi, a ɗauki hoton adadin kilomita tare da rasit a ajiye a waya.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Idan aka ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida ta fara bushewa ko da zanenta bai cinye ba, kuma irinta ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi idan mota ta cika da kaya.