Darasi: Kewar Gida Ga Ɗaliba A Ƙasar Waje

'Yar'uwa ɗaliba, idan kin sami kanki kina hawaye a ɗakin kwananki a Alƙahira, kada ki ce imaninki ne ya yi rauni. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda zazzaɓi ya kama mahaifinta da Bilal bayan Hijira zuwa Madina a shekarar 622. Duk sanda zazzaɓin ya sassauta wa Bilal, sai ya riƙa rera baitocin begen Makka. Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka, ko ma fiye. Ki lura, bai roƙi a cire musu son gida ba.

To ke ma nemi abin da zai sa garin ya shiga ranki. Miyar mulukiyar nan da Misirawa ke ji da ita, lalo ce fa, karkade kuwa zoborodonmu ne. Shiga kasuwa ki yi ciniki da ɗan Larabcinki, ko da za a yi dariya. Waya da gida kuma a sa mata lokaci. Mai kwana a WhatsApp tana bin bikin ƙawaye a Kano, gangar jikinta ce kawai a Azhar, jarrabawa kuwa ba ruwanta da uzuri.

Iyaye mata, don Allah a daina yi wa yarinya kuka a waya. In kuma kewa ta hana ta ci da barci har sati 2, abin ya wuce "ki yi haƙuri", a sa ta ga likita.