Ba a fafe gora ranar tafiya

Darasi a kan shirin salla tun daga kaka

 Darasinmu na yau a kan shirin buki ne. Ku karanta shi sannu a hankali. In kun gama, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna.

1. Salla tana shigowa cikin ɗari

Shekarar wata kwana 354 gare ta. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce. Tsakaninsu akwai kwana 11. Shi ya sa kowace shekara azumi yake matsowa gaba da kwana 10 ko 11.

A 2025 an yi sallar azumi a ƙarshen watan Maris. Bisa lissafi, ga inda za ta faɗa, in Allah ya kai mu:

2027: wajen 10 ga Maris
2028: ƙarshen Fabrairu
2029: tsakiyar Fabrairu
2030: farkon Fabrairu

Ganin wata ne ke tsai da rana, amma lissafin ba ya yin nisa da shi. Ke nan azumin waɗannan shekaru cikin Janairu da Fabrairu zai kama, tsakar hunturu. Manyanmu sun tuna da irin haka, don a 1997 ma cikin Fabrairu aka yi salla.

Ba salla kaɗai ke cikin ɗari ba. Ran 18 ga Disamba ana bukin Jamhuriya, wadda aka kafa a 1958. Ran 25 ga Disamba maƙwabtanmu Kirista suna Kirsimeti. Kokowar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, cikin Disamba aka yi ta a shekarun baya-bayan nan. Aure ma bayan kaka ya fi yawa. Duk waɗannan suna son kuɗi.

2. Ina kuɗin ke fitowa?

Mun san amsa: daga rumbu suke fitowa. Salla ta matso, yara suna son tufa, uwargida tana son sukari da mai. Maigida ba ya da ko dala. Sai ya buɗe rumbu, ya ɗibi hatsi ya kai kasuwa. Bayan kaka kowa saidawa yake yi, saboda haka hatsi ba ya da daraja. Da damina kuwa kowa saye yake yi, sai ya yi tsada.

Ga misali. Ku ɗauki allo ku bi mu.

Buhu ɗaya mai kilo 100 yana cin tiya 40. Wani magidanci ya saida buhu 2, wato tiya 80. A ce tiya tana 500 F, dala 100 ke nan. Ya samu 40.000 F, jika 40. Ya kashe su a salla. Watan Yuli ya zo, rumbu ya ƙare. A ce tiya ta kai 900 F. In zai maido tiya 80 ɗin nan, sai ya biya 72.000 F. Ya yi hasarar jika 32.

Ku duba ta wani gefen. Gida mai mutum 8 yana cin kamar tiya 2 a yini. Tiya 80 cimakar kwana 40 ce. Bukin kwana 3 ya cinye abincin kwana 40. Kuma kwanakin nan 40 su ne na noma, lokacin da jiki ya fi bukatar tuwo da fura.

Ba mu ce kada a yi buki ba. Salla ranar murna ce, yaro ma yana da hakkinsa. Abin da muke cewa shi ne: a yi salla da aikin hannu, a bar rumbu ma damina. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Fabrairu akwai mako 14. Kasuwa 14 ke nan. Sun isa, in an fara da wuri.

3. Aikin farko: a ware tun kaka

Ranar da amfani ya shigo gida, ranar shiri ke farawa. Maigida da uwargida su zauna tare, su ware waɗannan:

– Hatsin zakkar kono: mudun Annabi 4 a kan kowane mutum na gida.
– Gyaɗar da za a matse mai.
– Riɗi, da aya ga masu noma ta, kamar mutanen jihar Maraɗi.
– Citta, kanumfari, masoro da kimba. A saye su kaɗan-kaɗan, kowace kasuwa.
– Duman ƙwarya da na ludayi, a bar su su bushe sarai.

A tsince gyaɗa ɗaya-ɗaya. Wadda ta yi funfuna, ko ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, a zubar da ita. Funfunar gyaɗa tana da dafi mai ɓata hanta. Wuta ba ta kashe dafin nan. Kada a ba yara, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Mata masu asusu su sa zubinsu kowane mako. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, kuma dubarar ta bazu har wasu ƙasashe. Dala 20 kowane mako, cikin mako 14, ta zama dala 280, wato 1.400 F.

4. Aiki na biyu: sana'ar hannu

Nuwamba da Disamba aikin gona ya yi sauƙi. Wanda ba ya lambu yana da lokaci. Ƙasarmu kuwa ba baƙuwar sana'a ba ce. Madawa ta yi suna a tabarma, Mirriya a ginin tukwane, Damagaram a dukanci. Kowane gari akwai tsoho ko tsohuwa da suka iya wani abu. A je a zauna kusa da su a koya.

Saƙar kaba. Kaba ganyen ƙaramar goruba ce. A yanki ganye, amma kada a cire zuciyar itacen. In an cire ta, reshen ya mutu ke nan, baɗi ba a samu. A shanya kaba ta bushe, a tsaga ta daidai wa daida. Kafin a fara saƙa a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, don hunturu yana sa ta karyewa. In ana son ja, a dafa ta da karan dafi da ɗan ruwan kanwa, a shanya a inuwa. Da kaba ake tabarma, faifai, mahuci, lefe da igiya.

Ƙwarya. A raba duma, a fafe cikinsa, a kankare, a jiƙa har ɗacin ya fita. Sannan a yi mata zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Ƙwaryar da ta sha zane ta fi wadda ba ta da shi kuɗi.

Ɗinkin hula. Hula mai aiki tana cin makonni. Wanda ya fara ta cikin azumi ba zai sa ta ran idi ba.

A kasa kayan da aka yi kashi biyu. Kashi ɗaya na gida ne: sabuwar tabarmar baƙi, faifan rufe tuwon salla, ƙwaryar fura. Abin da hannunka ya yi, ba ka saye shi ba. Kashi na biyu na kasuwa ne. A kai shi lokacin da ake cikin bukukuwan aure da na Disamba. Kuɗin da aka samu, su ne na yadin yara da sukari.

A kai ma tela ɗinki kafin azumi ya kama. Cikin goman ƙarshe aiki ya yi masa yawa, kuɗin ɗinki ya hau, wani ma ba ya samun nasa sai bayan idi.

5. Aiki na uku: kayan zaƙi

Ga ƙa'ida: abin da ke daɗewa, shi ake fara yi. Aikin daka kuwa a gama shi cikin Sha'aban. Daka da azumi a baki wahala ce ga mata. A matse man gyaɗa tun lokacin, a zuba a kwalba mai tsabta, busassa, a rufe. Tunkuzar a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Nakiya, cikin Sha'aban. Kowane gari da irin hannunsa. Ga hanya ɗaya:

a) A wanke shinkafa, a tsane ta, a baza ta sha iska.
b) A daka ta da citta, kanumfari, masoro da kimba, a tankaɗe.
c) A zuba garin cikin busasshiyar tukunya, wuta kaɗan. A yi ta juyawa har ya yi ƙamshi, ya soma ja.
d) A dafa sukari da ɗan ruwa har ya yi danƙo. Mai zuma ta sa zuma.
e) A haɗa gari da zaƙin cikin turmi, a zuba man shanu ko man gyaɗa, a kirɓa har ya haɗe.
f) A dunƙula, a bari ta huce, a sa a kwano mai murfi.

Nakiyar da ta soyu da kyau tana yin watanni ba ta lalace ba. Sirrinta shi ne rashin ruwa. Kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu.

Dakuwar aya. A soya aya, a surfe, a fece. A daka ta da soyayyar gyaɗa da sukari har mai ya fito, a dunƙula. Wannan ba ta bukatar fulawar kanti.

Gireba, cikin goman ƙarshe. Ita gasa ta ake yi, ba a soyawa. Ma'auni gwangwani ɗaya ne, kada a canza shi:

– fulawa gwangwani 4
– dakakken sukari gwangwani 1
– man gyaɗa gwangwani 1
– riɗi kaɗan

A haɗa fulawa da sukari. A riƙa zuba mai ana murzawa, har in an dunƙula ya tsaya. In bai tsaya ba, a ƙara mai cokali-cokali. Ba a sa ruwa. A cika ɗan ƙaramin kofin shayi da haɗin, a danna, a kife bisa faranti. A barbaɗa riɗi a kai.

Wadda ba ta da tanderu, tukunya ta ishe ta. A zuba busasshen rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunyar ƙarfe, kaurin yatsa biyu. A aza bisa garwashi ta yi zafi. A jera ƙananan duwatsu 3 bisa rairayin, a aza farantin gireba a kansu. A rufe, a zuba garwashi bisa murfi. Wuta ke nan sama da ƙasa. Bayan kamar minti 15 a duba. In gindinta ya soma ja, ta yi. Da zafinta tana da laushi, kada a taɓa. Sai ta huce take yin ƙarfi. A fara gwadawa da guda 5, don a gane ƙarfin wutar kafin a sa duka.

Alkaki da cincin su ne na ƙarshe, kwana 3 ko 4 kafin idi. A yi su da dare, bayan shan ruwa. Mata 3 ko 4 suna iya haɗa mai da itace su soya tare. Mai ya fi auki, itace ma haka.

6. A yi hattara

Wuta. Cikin hunturu iska tana da ƙarfi, danni da zana duk sun bushe. Kada a hura wuta kusa da rumbu ko shinge. A aje tulun ruwa da ƙwaryar ƙasa kusa. In mai ya kama wuta, kada a zuba masa ruwa, sai ya fantsama. A rufe tukunyar da murfi. In an gama aiki, a kashe garwashi kafin a kwanta.

Yara. Sanyi yana jawo su bakin murhu. A nisanta su daga mai mai zafi. In yaro ya ƙone, a yi ta zuba ma wurin ruwa mai sanyi, mai tsabta, kamar minti 20. Kada a shafa toka ko kashin shanu. A kai shi likita.

Zuma. Ba a ba jariri zuma, ko abin da aka yi da ita, sai ya cika shekara ɗaya.

Ajiya. Kada a rufe abu da zafinsa, gumi zai sa ya yi funfuna. A rataye kwanon a ragaya, inda kiyashi da ɓera ba su kai.

7. Tambayoyi

a) Don me azumi yake matsowa gaba kowace shekara?
b) Nawa tiyar hatsi take a kasuwarku da kaka? Nawa ta kai da daminar da ta wuce? Ku sake lissafin buhu 2 da kuɗin garinku.
c) Wata mace tana ɗinka faifai 2 a mako. Faifai nawa za ta yi cikin mako 10? In ta aje 4 na gida, nawa za ta kai kasuwa?
d) In za a yi gireba da fulawa gwangwani 8, sukari nawa za a sa? Mai nawa?
e) Wace sana'ar hannu ce ta fara ɓacewa a garinku? Wa ya rage da ya iya ta?

Aikin gida: kowa ya ja layi 14 a takardarsa, layi ɗaya kasuwa ɗaya. A kowane layi ya rubuta abin da zai yi, ko zai saya, ko zai saida a makon. Ku kawo takardun ran karatu mai zuwa, malami ya duba, ku gwada da na juna.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai mu salla lafiya, rumbunmu a rufe.