Amsoshin Tambayoyinku: Ina Tallafin Manoman da Ambaliya Ta Shafa?

Wani mai sauraronmu daga Ojoo, Ibadan, ruwa ya cinye masa gonar masara a ƙaramar hukumar Akinyele, yana tambayar ko gwamnati na biyan diyya.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Tallafi ake bayarwa, ba diyyar dukkan asara ba. Bayan ambaliyar 2012, Shugaba Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, jihar Oyo ta samu miliyan 500. Irin wannan kuɗi ta hannun jihohi yake bi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, kuma takan raba iri da taki.

Abin da ke damunmu, mai noman aro sau da yawa sunansa ba ya shiga rajistar masu samun tallafi. Don haka ka ɗauki hoton gonar, ka garzaya sashen noma na ƙaramar hukumar tun masu tantancewa ba su zo ba.