Shayi da Ti: Kalma Ɗaya, Hanya Biyu

Kalma kamar falke take, duk inda ta yada zango sai ta sake kama. Sunan ganyen shayi ya isa misali.

Asalin ganyen da sunansa duka ƙasar Sin ne. A can rubutun sunan iri ɗaya ne, amma faɗarsa ta bambanta. Yawancin mutanen ƙasar "ca" suke cewa, mutanen bakin teku na lardin Fujiyan kuwa "te".

To, "ca" ita ce ta bi ayari ta tudu. Farisawa suka mai da ita "cai", haka Turkawa da Rashawa da mutanen Hindu suke faɗi. A bakin Larabawa ta zama "shai", daga gare su Hausawa suka sami "shayi".

"Te" kuwa jirgin ruwa ta shiga. Turawan Holanda, waɗanda suka fara kai ganyen Turai wajen 1610, daga bakin 'yan kasuwar Fujiyan suka ji ta. Faransawa da Jamusawa suka riƙe "te", Ingilishi suka ce "ti". Mutanen Fotugal ne suka saɓa, don tun 1557 sun zauna a Makawo inda ake cewa "ca". Har yau "sha" suke kiransa.

Ma'anar ma ta yaɗu. A Ingila "ti" yakan zama abincin maraice, a Kenya kuwa "cai" takan nufi toshiyar baki.

Ashe Bahaushen da ya sha ti da safe, ya sha shayi da dare, kalma ɗaya ya faɗa sau biyu.