KIFI DA MASU BINCIKENSA: DAGA TIGA ZUWA TAFKIN CADI

A ajin labarin ƙasa mun koyi cewa yawancin koguna a teku suke ƙarewa. Namu dai ba haka yake ba. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Ko ɗigo ɗaya ba ya kaiwa teku. A wannan darasi za mu duba su wane ne suke binciken wannan ruwa da kifinsa, yadda suke aikin, da abin da ya shafe mu a ciki, mu mutanen Madobi da Kura da Bunkure.

Yadda dam ya sauya kogi

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ne ruwa yake biyo babbar hanyarsa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir har da rani. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take kula da aikin. A 1992 kuma aka kammala madatsar Calawa a yankin Ƙaraye.

Alherin wannan aiki a fili yake, kowa yana ganinsa a kasuwar Kura. Amma kifi yana da nasa lissafin. Tarwaɗa da wasu kifayen kogi suna jiran ambaliyar damina. Idan ruwa ya malala cikin ciyawa, sai su bi shi su zuba ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da maɓoya. Dam kuwa aikinsa shi ne ya tare ruwan damina, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ke nan a bayan dam an sami sabon tafki da sabuwar sana'ar su, amma a ƙasa ambaliya ta ragu, wurin haihuwar kifi ya ƙuntata.

Cibiyoyin bincike

Babbar cibiyar binciken kifin koguna da tafkuna a Nijeriya tana New Bussa, Jihar Neja. Ta faro a 1968 a matsayin aikin binciken Tafkin Kainji, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1975 ta zama cibiya mai zaman kanta, a 1987 kuma aka ba ta sunan da ake taƙaitawa NIFFR. Ma'aikatanta sun yi bincike a tafkuna da yawa na Arewa, har da Tiga.

Takwararta ta ruwan gishiri, NIOMR, tana Legas, an kafa ta a 1975. Ita ce take nazarin tekunmu da gaɓarsa mai tsawon kilomita kusan 850. Kada mu ce teku ya yi mana nisa. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi daga teku ya fito, mafi yawansa ma daga ƙasashen waje ake sayo shi, domin abin da muke kamawa ba ya isar mu.

Akwai kuma kwalejojin gwamnatin tarayya na koyon aikin kifi, da sassan nazarin halittu a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. Ɗalibin da yake son wannan fanni, sai ya riƙe darussan kimiyya da lissafi da kyau.

Yaya ake ƙirga kifin da ba a gani?

Makiyayi yana ƙirga shanunsa da ido. Mai binciken kifi ba shi da wannan dama, don haka dabara yake yi. Da sassafe yakan je mashaya inda jiragen masunta suke tsayawa. Zai ƙirga jirage da irin kayan aikinsu: kalli ne, ko birgi, ko gura, ko mamari. Zai auna nauyin abin da kowane jirgi ya kawo, ya ware karfasa daban, tarwaɗa daban, kurungu daban. Zai sa ma'auni ya ɗauki tsawon kifi, ya buɗe cikin wasu ya ga ko sun isa yin ƙwai. Duk wannan a littafi yake shiga, wata bayan wata, shekara bayan shekara.

Amfanin littafin shi ne yana nuna abin da ido ba ya lura da shi. Idan jirage suna ƙaruwa amma rabon kowane jirgi yana raguwa, kifin da ake kamawa kuma yana ta ƙanƙancewa, to an fara cin iri. Masunci da ya ga kamu ya yi ƙasa yakan sayo raga mai ƙananan idanu. Bana zai cika kwando, baɗi kuwa babu iyayen da za su haihu. Karfasa misali ce mai kyau: uwar takan riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, saboda haka wanda ya kama ta a lokacin, ɗaruruwa ya kashe a tashi ɗaya.

Irin wannan sani ne tushen dokoki. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya a ruwayen cikin ƙasa. Kafin zuwan doka ma, Sarkin Ruwa yakan hana su a wani gurbi sai lokacinsa ya yi. Mai bincike da Sarkin Ruwa abu ɗaya suke faɗa: a bar kifi ya haihu tukuna.

Darasin Haɗeja da Nguru

A 1987 aka fara aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru, tare da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka yi wani lissafi da ya taɓa mu kai tsaye. Sun haɗa kuɗin amfanin gona da kifi da itacen girki da fadamun suke bayarwa, suka gwada shi da abin da noman rani na kogin Kano yake bayarwa. Suka tarar cewa, idan aka bi awon ruwan da kowanne ya sha, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba.

Wannan magana tana da nauyi a kunnen ɗan manomin Kura, amma ba cewa take a rufe gonakinmu ba. Cewa take ruwa yana da masu haƙƙi a gaba. Masanan sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsu a lokacin damina, don a kwaikwayi ambaliyar da. Sun kuma nuna yadda ruwan da ba ya yankewa duk shekara ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta cinye gonaki da wuraren su. Fari ma ya yi nasa ɓarnar. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ɗan kaɗan daga girmansa na da.

Namu aikin

Na farko, ruwan da aka bari yana kwarara a banza daga gona, an rage shi ne daga rabon wani masunci a Nguru. Na biyu, wanke tankin feshi a cikin hanyar ruwa zuba guba ne ga kifi da mai cinsa. Na uku, kiwon kifi sana'a ce da ta dace da mu, tunda ruwa yana kusa. Masu bincike sun daɗe da gano yadda ake yi wa tarwaɗa allura ta zuba ƙwai ko da rani, shi ya sa ake samun iri a kowane lokaci. Kifin da aka kiwata a kududdufi yana rage wa kogi nauyi.

Ƙungiyar manoma ta makaranta tana iya fara ɗan littafinta: irin kifin da ake kawowa kasuwa, tsawonsa, da kuɗinsa, sau ɗaya a wata. Da haka manyan cibiyoyin suka faro.

Tambayoyi

1. Zana hanyar ruwa daga Tiga zuwa Tafkin Cadi, ka sa sunayen garuruwa huɗu.
2. Don me tarwaɗa take bukatar ambaliya?
3. Kawo alamomi biyu da suke nuna kamun kifi ya wuce kima.
4. Ku tattauna a aji: yaya za a raba ruwa tsakanin manomin Bunkure da masuncin Nguru ba tare da an zalunci ɗaya ba?