Yadda Za Mu Taimaki Gida Ya Fita Daga Bashi

A Amurka da Ingila mutane na sayayya da katin bashi na banki, su biya daga baya da ruwa. Mu a Kasuwar Daji namu katin shi ne littafin mai shago, da buhun geron da ake ranta da damina a biya da kaka, da rancen manhajar waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka hau, cin bashi ya ƙaru.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma idan ya yi yawa sai a sayar da akuya ko gona, ko a rasa kuɗin jarrabawarmu.

Matakin farko shi ne rubutu. Mu taya iyayenmu rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita na wata ɗaya, har kuɗin niƙa da cajin waya. Sannan a ware dole daga sha'awa. Misali, datar naira 200 kullum ta zama 6,000 a wata. Wannan zai biya bashin 30,000 cikin wata biyar. Amma in bashin na da ruwan kashi 10 cikin 100 a wata, 3,000 ta tafi a ruwa tun watan farko. Shi ya sa ake fara biyan bashi mai ruwa, kuma a daina cin sabo.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta abin da ya kashe, ya kawo ranar Litinin mu lissafa tare.