Takardar Kuɗin Kaya Daga Waje: Wa Ke Da Wane Kaso?

Mutum zai yi odar kaya daga Chana ko Dubai, ya biya kuɗin kaya da na dako tun can, sai kuma ranar isowa kamfanin jigila ya ce akwai sauran biya kafin a miƙa masa. Da yawa nan take suke hawa dokin zuciya, su ce damfara ce. Sau tari ba damfara ba ce. Takardar kuɗin da aka ba mai kayan tana da masu ita biyu, kuma wanda bai rarrabe su ba zai kai kukansa inda ba za a share masa hawaye ba.

Kaso na farko na gwamnati ne. Hukumar Kwastam ta Nijeriya ba a kan farashin kaya kaɗai take lissafin kuɗin fito ba. Tana haɗa farashin da kuɗin dako da inshora, ta mayar da su naira bisa canjin ranar. Tun 2015 ake bin tsarin fito na bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon nau'in kaya. A kan wannan kuma a ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Alal misali, idan jimillar kaya da dako da inshora ta kai naira miliyan ɗaya kuma suna matakin kashi 20, fito zai zama 200,000. VAT kuwa a kan 1,200,000 za a lissafa shi, ba a kan miliyan ɗaya ba, wato 90,000, ban da ƙananan haraji. Nan ne lissafin mutane da yawa ke ruɗewa.

Akwai sauƙi ga masu ƙaramin saƙo: tun Satumbar 2025 kayan da ba su wuce dala 300 ba an ɗauke musu fito, har sau huɗu a shekara, matuƙar ba haramtattu ba ne.

Kaso na biyu na kamfanin ne. Kamfanoni irin su DHL, FedEx da UPS kan biya wa mai kaya fiton don kada saƙo ya maƙale a filin jirgi, sannan su karɓi ladan wannan lamuni, da kuɗin ajiya idan kaya sun daɗe. Ya kamata mai saye ya duba sharaɗin da mai aikowa ya zaɓa. Idan DDP ne, mai aikowa ya ɗauki nauyin fito, don haka neman kuɗi a wajen mai karɓa kuskure ne da rasit zai warware. Idan DAP ne, nauyin na mai karɓa ne, ko da bai karanta ba.

Mai ƙorafi ya fara da neman takardar kwastam ta asali, ya gwada ta da rasitin sayayya da shaidar biya ta banki. Wurare biyu kuskure ya fi shiga: a ƙiyasta kaya sama da farashinsu, ko a sa su a lambar rukunin da ba nasu ba, sai kayan kashi 5 su koma na kashi 20. Wannan gyara na Kwastam ne, kamfani ɗan aike ne kawai. Amma ƙari a awon nauyin kaya ko caji sau biyu, wannan na kamfanin ne. A rubuta masa da lambar saƙon, idan ya yi biris a kai ƙara hukumar kare masu saye ta FCCPC. A hanzarta, domin kuɗin ajiya ba ya jiran a gama gardama.

Shi kuwa saƙon waya da ke cewa a tura kuɗin fito cikin asusun wani mutum, ba daga Kwastam yake ba. Fito ta banki ake biyansa zuwa asusun gwamnati, da rasit.